Kafin Mu Sayo Fir'auna Mu Ajiye a Falo, Mu Tuna da Nok

 

Duk mai shiga gidajen mutane a Kafanchan, Kagoro, Kwoi ko Zonkwa a 'yan shekarun nan ya san adon falo ya canza. Da can jeren tasa da samiru ne a ɗakin uwargida, sai kalanda da hoton aure a bango. Yanzu kuwa sai ka tarar da 'yar dalar Masar ta gilashi a teburin tsakiya, ga fuskar Fir'auna mai ruwan zinariya kusa da talabijin, ga baƙar kyanwa mai dogon wuya a cikin kabad. Wasu tsaraba ce daga waɗanda suka je Alkahira neman magani ko karatu, ko masu ziyarar ibada da suka bi ta Dutsen Sina'i. Wasu kuma a shagunan Kaduna, Jos da Abuja aka saye su, ko ta tallan Facebook da WhatsApp.

Ba mu ce kowa ya yi laifi ba. Kuɗin mutum ne, falonsa ne, kuma aikin mutanen Masar na dā abin sha'awa ne ga duk mai ido. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, muna zaune a kan ƙasar da ta ba duniya kayan Nok, waɗanda suke cikin tsofaffin ayyukan yumɓu mafi shahara a Afirka, amma sai ka shiga falo goma ba ka ga ko hotonsu ba. Ga ra'ayinmu a taƙaice: in za mu yi ado da kwafin kayan tarihi, mu fara da namu. Maginanmu su gina shi, a rubuta a jikinsa ƙarara cewa kwafi ne, kuma kada ɗayanmu ya kuskura ya sayi wanda aka ce daga ƙasa aka tono shi. Waɗannan abubuwa tare suke tafiya. In aka cire ɗaya, sauran sun lalace.

Mu fara da Masar ɗin, domin akwai darasi a yadda suka yi. Fuskar zinariyar nan da ake yawan kwafa ta Tutankamun ce, yaron sarki da ya mutu wajen shekara ta 1323 kafin Miladiyya, wanda Baturen Ingila Howard Carter ya gano kabarinsa a watan Nuwamba na 1922. Ta asalin guda ɗaya ce tak a duniya, tana hannun gwamnatin Masar, kuma ba ta sayarwa ba ce. Matar nan mai doguwar shuɗiyar hula kuwa Nefertiti ce. Jamusawa suka tono ta a 1912, tana wani gidan tarihi a Berlin, kuma har gobe Misirawa suna neman a mayar musu da ita. Dokar Masar ta 1983 ta haramta cinikin kayan tarihi, ta mai da duk abin da aka tono mallakar ƙasa.

Amma ba su tsaya a hani kawai ba. A 2021 gwamnatinsu ta buɗe masana'antar Konouz a garin Obour kusa da Alkahira, wadda aikinta shi ne yin kwafin kayan tarihi. Kowane kwafi yana fita da hatimi da takardar shaida, don mai saye ya san abin da ya saya, jami'in kwastan kuma ya san ba na asali ake fita da shi ba. Hatta kabarin Tutankamun an gina kwafinsa a Luxor a 2014, saboda numfashi da zufar ɗimbin maziyarta suna lalata zanen bangon na asali. Misirawa sun gane cewa sha'awar mutum ta ya mallaki abin tarihi ba ta hanuwa, sai dai a buɗe mata hanyar da ba ta ɓarna. Na asali yana gidan tarihi, kwafi yana kasuwa, kuɗi yana shiga aljihun 'yan ƙasa.

Yanzu mu dawo gida. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, a ƙasar Ham, ba nisa da Kwoi. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a can, aka kai shi Jos aka ajiye. A 1943 aka sake samun wani kai, wannan karon a wurin haƙar kuza a ƙasar Jema'a, wato nan ƙofar gidanmu. Wani ma'aikacin wurin ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata tsuntsaye da dabbobi. Daga baya manajan wurin ya gan shi, ya kai shi Jos wurin Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tonon tarihi. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakanin wannan kai da na Nok, ya bi diddigi a wuraren haƙar kuza, ya tara wasu da dama, ya raɗa wa al'adar gaba ɗaya suna Nok. Shi ne kuma ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. Kan nan da ya yi gadin doya, a yau littattafan tarihin fasaha na duniya sun san shi da sunan Jema'a. Yara nawa ne a makarantun Kafanchan suka taɓa ganin hotonsa?

Wanda ya taɓa ganin aikin Nok sau ɗaya ba zai sake ruɗa shi da wani ba. Idanun suna da kusurwa uku, an huda ƙwayar ido, an huda hanci da baki da kunne. Kai ya fi jiki girma. Ga kitso iri-iri, tukkaye da doka, ga duwatsun ado a wuya da ƙugu da hannu. Akwai mai zaune ya ɗora haɓa a kan gwiwa kamar mai tunani, akwai birai da macizai da giwa, har da masu alamun ciwo a fuska. Cikinsu rami ne, domin an gina su ne hawa-hawa da murɗaɗɗen yumɓu mai haɗe da 'yan tsakuwa, kamar yadda iyayenmu mata suke gina tukunya da randa. Hujin nan na ido da baki yana taimakawa iska ta fita lokacin gashi, kada aikin ya fashe.

An ci gaba da bincike bayan Fagg ya buɗe hanya. A Taruga kusa da Abuja an tono murahun narka tama, abin da ya nuna mutanen Nok suna cikin waɗanda suka fara sarrafa ƙarfe a Afirka ta Yamma. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka yi shekaru suna aiki daga sansaninsu na Janjala a ƙaramar hukumar Kagarko. Sun nuna cewa mutanen sun zauna a wannan yanki tun wajen 1500 kafin Miladiyya, kuma sun fara gina mutum-mutumin wajen 900 kafin Miladiyya. Ke nan lokacin da Tutankamun yake kan gado, akwai manoma a nan ƙasar tamu suna shuka gero. Binciken ya samo gero da wake da ƙwallon atili a inda suka zauna. A 2021 kuma masana daga Jami'ar Bristol a Ingila suka gano sauran kakin zuma a jikin tukwanensu, alamar cewa shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a nan. Gero, wake, atili, zuma. Wanne ne ba ya kasuwar Kafanchan a yau?

To ina kayan suke? Nan ne labarin ya yi ɗaci. Daga shekarun 1990 aka shiga tonon kayan Nok babu kama hannun yaro, musamman a ƙauyukan da ke tsakanin Kagarko, Kubacha da Kwoi. Dillalai suna zuwa da kuɗi, samari su bar gona su shiga daji da diga da shebur. Abin da aka samu a bi da shi ta Kwatano da Lome, ya ƙare a shagunan Brussels da Paris da gidajen masu kuɗin Turai da Amurka. A shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Masanan Jamus da suka zo daga baya sun tarar mafi yawan wuraren da suka ziyarta an riga an birkice su, ramuka ne kawai suka rage.

Asarar ba ta tsaya a mutum-mutumin da aka ɗauke ba. Mai tonon sata kai yake nema. Gawayin da ke gefe, da ɓaraguzan tukunya, da jeren duwatsu, duk sai ya watsar da su da shebur. Alhali da gawayin nan ake auna shekaru, da ƙwayar hatsin da ta ƙone ake sanin abin da suka ci, da yadda aka jera duwatsu ake gane ko kabari ne ko gida. In aka birkita wurin sau ɗaya, shi ke nan, babu mai iya mayar da shi. Kamar a yage shafi ne daga littafin da kwafinsa ɗaya ne a duniya.

Har manyan ƙasashe sun sa hannu a wannan ciniki. A zamanin Shugaba Jacques Chirac, Faransa ta sayi mutum-mutumi uku daga wani dillali a Beljiyam, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, ta baje su a gidan tarihin Louvre a shekara ta 2000. Da surutu ya yi yawa, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, aka ba ta aronsu na shekara 25 da damar sabuntawa. In kuka lissafa, wa'adin yana cika a 2027. Ya kamata 'yan majalisarmu na tarayya daga Kudancin Kaduna su sa wannan shekara a ransu.

Dokarmu ma ba ta yi shiru ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta ba izini, ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da su waje ba da takarda ba. Saboda haka wanda ya sayi kan Nok na asali ya ajiye a falo ya taka doka, ko da bai taɓa riƙe diga ba. Kuma shi ne ya ba mai tono dalilin komawa daji gobe.

Wani zai ce, me ya haɗa duk wannan da adon falo? Haɗin a fili yake. Muddin mutane suna son su ga abin tarihi a gidajensu, da otal-otal, da ofisoshi, wani zai biya musu wannan buƙata. Ko dai mai tono ya biya ta da na asali, ko ɗan damfara ya biya ta da jabu, ko magini mai gaskiya ya biya ta da kwafi mai shaida. A yanzu biyun farko ne suke cin kasuwar. An daɗe da sanin cewa akwai masu gina sabo, su fasa gefensa, su shafe shi da ƙasa, su ce na dā ne. Wasu har suna liƙa ɓaraguzan na asali a cikin sabon yumɓu don su yaudari gwajin da Turawa ke yi na gane shekarun gashi. Wannan zamba ce. Amma ta nuna mana abu ɗaya: hannun da zai iya aikin yana nan cikinmu. Abin da ya rasa shi ne kasuwar da zai sa sunansa a kan aikinsa ba tare da tsoro ba.

Bambancin kwafi da jabu magana ɗaya ce. Kwafi yana cewa ni sabo ne, an yi ni don a tuna da tsoho. Jabu yana cewa ni ne tsohon. Kuma kwafi ba abin kunya ba ne. Lokacin bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi a Legas aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna, Najeriya ta nemi Ingila ta ba ta aron fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Benin, wadda aka kwashe a 1897. Ba a bayar ba. Sai masassaƙan gida suka sassaƙa kwafi, aka yi biki da shi, kuma har yau duk inda aka ga fuskar nan an san Najeriya ce.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi.

Ta farko ita ce ta addini. Da yawa daga 'yan'uwanmu Musulmi ba sa ajiye surar mai rai da aka gina ko aka sassaƙa a cikin gida, kuma suna da hujjarsu. Cikin Kiristoci ma akwai masu ganin irin wannan abu gunki ne, bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da mai bi ba. Muna girmama duka biyun. Ba mu zo yin fatawa ko wa'azi ba, kowa ya tambayi malaminsa ko fastonsa. Sai dai gadon Nok bai tsaya a mutum-mutumi ba. Akwai tukwanensu masu zanen layi-layi da aka tsaga a jikin yumɓu, akwai duwatsun wuya, akwai siffar gatarinsu na dutse da kayan ƙarfe. Ana iya yin tulu, da tukunyar fure, da zanen bango da waɗannan, babu surar kowa a ciki. Abin da muke roƙo shi ne, wanda ba zai ajiye ba, in ya ci karo da shi a gona kada ya farfasa. Ya sanar a zo a ɗauka. Wanda kuwa ya riga ya ɗora Fir'auna a kan talabijin, ba mu ga hujjar da zai ce kan Jema'a ne gunki ba.

Ta biyu ita ce ta talauci, kuma ita ce mafi nauyi. Wanda cutar citta ta 2023 ta cinye wa gona a Jaba, Kachia ko Kagarko, ga kuɗin makaranta, ga bashin taki, in dillali ya zo masa da kuɗi a hannu, da wuya ka yi masa wa'azin tarihi ya ji. Ba ma raina wannan. Amma mu yi lissafi. Mai tono sau ɗaya ake biyan sa, kuma abin da yake samu ɗan kaɗan ne in aka gwada da abin da dillalin ƙarshe zai karɓa a Turai. Bayan nan kan ya tafi har abada, shi kuma an bar shi da rami a gona da shanu da yara za su iya faɗawa. Magini kuwa in ya sayar da kwafi yau, gobe zai gina wani. Ba mu ce wannan sana'a za ta maye gurbin citta ba, kuma ba mu yi wa kowa alkawarin arziki ba. Mun dai san a Titin Igun na birnin Benin maƙeran tagulla har yau suna ci da aikin kakanninsu. Mun kuma san Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga Kwali, cikin yankin da ake samun kayan Nok, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta zaga duniya da yumɓu, kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin.

Ta uku, wasu suna tsoron kwafi zai zama mayafin ɓarayi, a fita da na asali a ce kwafi ne, ko a sayar da kwafi a ce na asali ne. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shi ya sa muka dage a kan shaida. Alamar da aka tsaga a ɗanyen yumɓu kafin gashi ba ta goguwa sai an fasa aikin. In kowane kwafi yana da suna da shekara da lamba, wanda ba shi da su shi ne abin tuhuma. A yanzu da babu wani tsari, komai yana iya wucewa da kowane suna.

Ta huɗu ita ce tambayar nan da ta saba raba mu: na wa ne? Sunan Nok ya samo asali ne daga inda aka fara tsintar kayan, kuma mutanen Ham sun cancanci girmamawa don sun riƙe sunan, kuma gidan tarihin Nok a ƙasarsu yake. Amma ana samun kayan a faɗin ƙasa mai yawa, daga Kudancin Kaduna zuwa Filato, Nasarawa, Neja da Abuja. Mutanen da suka yi su ba su bar rubutu ba, don haka babu ƙabilar da za ta kawo takarda ta ce ita kaɗai ce magajiya. Ham, Bajju, Atyap, Fantswam, Agworok, Gwong, Koro, Gbagyi, Hausawa da Fulanin da ke zaune a nan, duk wanda yake noma ko kiwo a kan wannan ƙasa amana tana wuyansa. Mun sha rabuwa a kan abubuwa da dama. Ga abu ɗaya da ya girmi dukkan rigingimunmu. Kuma ba sai mun jingina shi da Masar ko wata ƙasa ta gabas ba kafin ya yi daraja. Yumɓun da aka gina shi da shi na wannan yanki ne. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara.

Na ɗaya, kada wani ɗan ƙungiya ya sayi, ko ya karɓi kyautar, ko ya yi dillancin wani abu da aka ce an tono shi daga ƙasa. Wanda ya ci karo da shi wajen noma, ko haƙar rijiya, ko tonon harsashin gini, ya bar shi a inda yake, ya ɗauki hoto da waya, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai magana gidan tarihin Nok, ko na Kaduna da ke Titin Ali Akilu, ko na Jos. Mu kuma za mu taimaka da rubuta takarda da bin sawu.

Na biyu, duk kwafin da za a yi, a tsaga kalmar KWAFI a gindinsa tun yana ɗanye, da sunan magini, da garinsu, da shekara, da lamba. Kada a tsufar da shi da gangan, kada a binne shi, kada a fasa masa gefe. Ya fi kyau girmansa ya bambanta da na asalin. A buɗe rajista mai hoto da za a riƙa shigar da kowane ɗaya.

Na uku, a yi shi da yumɓunmu, da hannu, a gasa shi, ba siminti ko roba ba. Tsofaffin mata masu ginin tukwane a ƙauyukanmu suna ƙarewa, randa ta ba wa bokitin roba wuri, 'ya'yansu ba su koya ba. A haɗa su da matasan da suka karanta zane da ƙira a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Tsohuwa ta san yumɓu da wuta, yaro ya san awo da kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani. In muka yi sanya, wata rana za mu ga kan Jema'a na roba, an yi shi a Sin, ana sayar mana da shi a kasuwar Kafanchan, mu biya muna murna.

Na huɗu, kowane kwafi ya tafi da 'yar takarda mai bayanin wanda aka kwafa: ina aka same shi, a wace shekara, ina yake yanzu. A rubuta da Hausa da Turanci, da Hyam ko Jju ko Tyap ko harshen wanda ya gina. Abin ado da ba shi da labari, ƙura kawai yake tarawa. In baƙo ya tambaya, yaron gida ya iya ba da amsa.

Na biyar, kada a yi wannan a bayan hukuma. A je wurin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tun farko, a nemi amincewarta da hotuna da awon kayan na asali, a kuma san yadda ake karɓar takardar izinin fita da sabon aikin hannu, don 'yan'uwanmu na ƙasashen waje su iya tafiya da shi ba tare da matsala a filin jirgi ba. A kuma ware wani kaso daga kowane ciniki don gidan tarihin Nok da ƙauyukan da aka fi tonawa. Su suka yi asara, bai kamata a ci riba da sunansu su tashi a tutar babu ba.

Na shida, mu fara zama kasuwar da kanmu. Kowace shekara muna kashe kuɗi a kan allunan karramawa na katako da gilashi a bikin sallama, da nadin sarauta, da ranar ba da kyaututtuka a makarantu. Ga bikin Afan a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, ga Tuk Ham a Kwoi, ga baƙi masu zuwa kallon ruwan Matsirga, ga 'yan gida da ke dawowa Kirsimeti da Sallah suna neman tsarabar komawa. In ƙungiyoyinmu, da makarantu, da otal-otal, da ofisoshin ƙananan hukumomi suka fara saye, magini zai samu ƙarfin ci gaba. Kowace makarantar sakandare kuma ta samu ko da guda ɗaya, malamin tarihi ya sa wa yara a hannu su taɓa. Gani ya kori ji.

Wanda yake da Fir'aunansa a falo, ba mu ce ya jefar ba. Ya matsar da shi kaɗan, ya bar wuri a gefensa. Misirawa sun kai tarihinsu har cikin gidajenmu ne saboda sun tsare na asali, sun kuma yi kwafi da sunansu. Babu abin da suka yi da ya fi ƙarfinmu. Abin da ya rage a ƙarƙashin gonakinmu ba shi da yawa kamar dā, kuma duk wanda aka fitar ba ya dawowa da sauƙi. Faransa shaida ce.

Za mu kawo wannan batu a taronmu na gaba. Kafin nan, duk wanda ya san maginiya ko magini a ƙauyensu da har yanzu ke aiki, ko matashin da ya iya ƙira, ya sanar da sakatariya. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, ƙofa a buɗe take, ya zo da hujjarsa cikin mutunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Kudancin Kaduna da Najeriya baki ɗaya, ya albarkaci gonakinmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da muka tarar.

Sakatare,
a madadin shugabannin ƙungiya.